Shekarar da Auduga ta sha maganin Sani

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani ya ɗauko zancen, kuma yawanci kai ne, Sani. Ka gyara zama, ka dubi matarka, ka ce kai ne jaririn da uwarsa ta kwashe maganinsa ta ɗura wa zomo. Ku yi dariya, jikoki su yi dariya, ni ma in yi murmushi in ci gaba da rabon nama. Ban taɓa musa maka ba, domin haka aka yi. Sai dai labarin da kuke bayarwa ya gajarce da yawa, kuma waɗanda suka san sauransa sun riga mu gidan gaskiya, in ban da ni da yayarku. Ita kuwa kun san halinta, ba za ta faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da ɗan karatun da nake da shi.

Daga wani ƙauye kusa da Nasko aka kawo ni gidan kakanku a Kontagora. Uwata 'yar Kambari ce, Hausata ma a lokacin tana da ɗan karkace, ƙannen babanku suna kwaikwayona in na juya baya. Aji uku na yi a firamare aka cire ni. Gidan da na shigo kuwa gidan malamai ne da ma'aikatan En'e, kowa ya san inda zai zauna da lokacin da zai buɗe baki. Kakanku, Baba Malam, ya riga ya bar aiki, yana wuni a zaure kan buzunsa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, daga bayan ƙofa, a durƙushe. Mutum ne mai sauƙi, amma yana da wata doka da ba a taɓa karyawa ba: dabba ba ta mutuwa da kanta a gidansa. Kaza ce ko akuya, da zarar ta nuna alamar ba za ta tashi ba, sai ya sauko da wuƙarsa daga jikin bangon zaure, ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ba mugunta ba ce. A wurinsa barin halal ta lalace almubazzaranci ne, barin dabba tana wahala kuma rashin tausayi ne.

Yayarku ita ce 'yar farina, don haka ba ni da bakin magana a kanta. Ba na kiran sunanta, har yau ma ban iya ba. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin kakarku, Inna, can take kwana, can take cin abinci. Mutanen gida suna ce mata Jummai, ni kuma tana ce min Anti, yadda ta ji ƙannen babanta suna kirana. In ta faɗi a gabana, sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. Haka aka yi min, haka na ga ana yi. Bayanta na haifi wani namiji da bai zauna ba, cikinsa ya kumbura yana ɗan wata biyu, Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan na zama mai tsoro. In yaro ya yi tari sai in kasa cin abinci. Ba na iya yin komai sai kallo, don haka na iya kallo sosai.

Tana da shekara biyar ko shida aka yanka mata ɗan akuyarta. Ya ci leda ne, ya kwanta. Ta dawo daga makarantar allo ta tarar da fatarsa a shanye a kan katanga. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon fatar, sannan ta shige bayan rumbu. Ta daɗe ba ta taɓa miyar da aka sa nama ba, kowa yana cewa ƙuruciya ce za ta wuce. Ni ina gani, ba halin in ce komai.

A daminar shekarar ne kawunku Garba ya zo daga Nasko da kwali ɗaure a bayan babur. Da aka buɗe sai ga 'yar zomanya fara fat, idanunta jajaye. Ya ce ta Jummai ce. Nan take ta sa mata suna Auduga. Baba Malam ya leƙo daga zaure, ya ce da ita cikin wasan da suka saba yi na kaka da jika:

“Amarya, naman miya kika samo min?”

“Kai da ba ka da haƙora, tsoho? Tuwo ma sai an jiƙa maka.”

Aka yi dariya. Amma da yamma ina tankaɗe a ɗakina, sai na ji motsi a bakin ƙofa. Ita ce, rungume da zomanyar. Ba ta saba shigowa wurina ba.

“Anti, ita ma za a yanka ta?”

Na duba tsakar gida, ba kowa. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

“Ba za a yanka ta ba.”

“Ko ta yi ciwo?”

“Ko ta yi ciwo.”

Ta gyaɗa kai ta fita. Wannan ne alkawari na farko da na taɓa yi mata, a kan abin da ba ni da iko da shi ko kaɗan.

An gina wa Auduga ɗan akurki kusa da madafa. Duk damina da kaka tana cikin daɗi, ga ganyen dankali, ga ɗanyar ciyawa, ga ganyen gyaɗa. Ruwa ne kawai ba a ba ta, domin kowa a unguwarmu ya san zomo ba ya shan ruwa. Har cewa ake yi in ya sha zai mutu. Baba Malam da kansa ya ce shi ya yi yawon daji da mahaifinsa tun yana yaro, bai taɓa ganin zomo a bakin rafi ba, raɓa ta ishe shi. Wa zai ja da wannan? Ni ma na yarda. Sai da rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, aka koma ba ta dusar masara da ƙanzon tuwo, sannan na fara lura da wani abu. Duk lokacin da yayarku ta sake ta, ba ta nufar ko'ina sai gindin randa, inda yashi yake da danshi. Ta kwanta a wurin tana lasar jikin randar. Na faɗa wa Inna, ta ce sanyi take nema, ni dai na cika sa ido kan abin da ba a tambaye ni ba.

A cikin wannan ranin aka haife ka, Sani. Ka zo da kumburin ciki. Da la'asar ta yi sai ka fara, ka naɗe ƙafafu, cikinka ya yi tauri, ka yi ta tsala kuka har ka shiɗe. Ni kuwa abin da ya faru da wanka marigayi yana raina, kullum ina ganin kamar shi ne ya dawo. Babanku lokacin yana tuƙa babbar mota, yana kai hatsi kudu. A wata tafiya ya shiga wani babban kemis a Ilori ya kwatanta musu, suka ba shi wata 'yar kwalba mai murfin roba da ake matsawa a ɗiga. Maganin fari ne, mai ɗan kauri. In na ɗiga maka kafin ka sha nono, sai ka yi gyatsa, ka saki iska, ka yi barci. Ban taɓa riƙe abu da daraja kamar kwalbar nan ba. A cikin kwallata nake ɓoye ta, ƙarƙashin zannuwa. Kemis ɗin unguwarmu ba su da irinsa, na sa an tambaya.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, zafi tun da safe. Babanku yana hanya, ba a san ranar dawowarsa ba, maganin kuma ya rage kaɗan a gindin kwalba. Na je share gaban akurki sai na ga ba kashi. Dama na lura kwanakin baya kashinta ya ƙanƙance, ya bushe, ya koma kamar ƙwayar barkono. Yau babu ko ɗaya. Dusar jiya tana nan ba a taɓa ba. Auduga ta takure a lungu, ta dunƙule, idonta a lumshe, tana tauna haƙora a hankali, ƙurus ƙurus. Na sa hannu na taɓa cikinta. Ya cika ya yi tauri, in ka ɗan buga yana amsawa kamar ganga. Na kara kunnena, ba motsi. Hannuna ya san wannan cikin. Kullum da la'asar irinsa nake shafawa.

Kafin azahar labari ya kai zaure. Baba Malam ya shigo, ya ɗaga ta, ya duba, ya ajiye. Bai yi wasa da yayarku ba ranar. Ya ce da Inna a hankali:

“Wannan ba za ta kai gobe ba. A tura yarinyar gidan gwaggonta, in na idar da salla zan zo.”

Yayarku tana tsaye jikin turmi. Ba ta kalli kakanta ba, ba ta kalli Inna ba. Ni ta kalla. Kallona kawai take yi.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, kana barci a bayana. Na buɗe kwalla na ɗauko kwalbar, na ɗaga ta wajen haske. Kada ka ɗauka ban auna ba, Sani. Na auna. Na san in na taɓa abin da ya rage, kai za ka biya da kuka. Amma wata uku ina kallonka, na riga na gane ciwonka ba irin na wanka ba ne. Kana shan nono, kana ƙiba, ba zazzaɓi, in kukan ya wuce ka yi dariya. Naka wahala ce, ba mutuwa ba. Ita kuwa waccan yarinyar, in aka yanka zomanyar nan, na san ba za ta sake zuwa bakin ƙofata ta tambaye ni komai ba har abada. Ban ma san ko maganin zai yi wa dabba aiki ba. Abin da na sani kawai, iska ce a cikin nan, wannan kuma maganin iska ne.

Na yafa mayafi na tafi ƙofar zaure, na durƙusa a inda nake gaishe shi.

“Baba, ina neman alfarma.”

Bai saba jin muryata da rana tsaka ba.

“Ina jin ki, 'yar nan.”

“A bar min zomanyar zuwa magariba.”

“In ta mutu a hannunki fa? Kin san ta zama mushe, kuma ta sha wahalar banza.”

“Na sani, Baba. Alhakin yana kaina.”

“Me ya haɗa ki da ita?”

A nan ne kunya ta kusa kashe ni, domin Inna ta riga ta zo ta tsaya a bayana. Na sunkuyar da kai na ce:

“Na yi wa yarinyar alkawari.”

Inna ta yi salati a hankali. A gidan nan ba a taɓa jin uwa ta tsaya gaban surukinta a kan 'yar fari ba. Ina jin ƙarar carbin Baba Malam.

“Ke kika yi alkawari a kan abin da ke cikin gidana?”

“Ni ce, Baba.”

“To. In na dawo daga magariba, in ta ci ko ta yi kashi, an bar ta. In ba haka ba, kada in sake jin bakin kowa.”

Na ɗauko Auduga na kai ta inuwar ɗakina, na shimfiɗa tsohon zani. Ban sa mata murfin kwalbar a baki ba, kamar yadda kuke faɗa. A ƙaramin cokali na ɗiga, daidai yadda nake ba ka, na zura ta gefen bakinta inda ba haƙora. Ta lashe, domin yana da ɗan zaƙi. Sannan na yi abin da ya fi ba ni tsoro, na ɗebo ruwa a randa. Yayarku ta riƙe min hannu.

“Anti, an ce in ta sha za ta mutu.”

“Kin ga inda take kwanciya kullum?”

“Gindin randa.”

“To riƙe mata kai.”

Kaɗan kaɗan na riƙa ba ta, ina jira ta haɗiye kada ta shaƙe. Da farko ta kau da kai. Can sai ta fara lasar cokalin da kanta, har tana bin sa. Na kwantar da ita a cinyata, na riƙa shafa cikin da yatsu biyu, daga ƙirji zuwa baya, a hankali, yadda nake yi maka. In na gaji yayarku ta karɓa. Muka riƙa sauke ta muna ɗan tura ta ta taka, ta yi taku biyu ta sake dunƙulewa. Bayan wani lokaci na ƙara mata maganin, da la'asar na sake ƙarawa. A nan kwalbar ta ƙare. Na zuba ruwa a ciki na girgiza, na ba ta har wannan.

Kai kuma lokacinka ya yi, ka fara naka. Inna ta zo ta ɗauke ka ba tare da ta dube ni ba, ta goya ka, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga ka, tana magana da kai don in ji:

“Yi haƙuri, angona. Uwarka ta zama likitar zomaye, ba ta da lokacinka.”

Na aiki yayarku bakin rijiya, inda ruwan da ake zubarwa ya sa 'yar ciyawa ta tsira, ta tsinko ta wanke. Muka ajiye a gaban hancin Auduga. Ba ta kula ba. Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Na sake kara kunnena a cikinta, sai na ji wani ɗan ƙugi can ciki, kamar ruwa yana wucewa a bututu. Ban faɗa wa yarinyar ba, don kada in sa mata rai. Aka kira salla. Muna ji Baba Malam ya ja takalminsa ya fita. Na tashi in yi alwala, ina cikin wanke ƙafa sai na ga Auduga ta miƙe, ta miƙa jiki, ta ja ciyawa ɗaya ta fara ci. Da ta matsa gaba, a kan zanin da ta tashi ga wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ƙanana, a murɗe.

Kafin in yi magana yayarku ta kwashe su a tafin hannu ta yi waje. Abin da ya faru a zaure ƙanin babanku ne ya ba mu labari. Baba Malam ya dawo tare da abokansa dattawa, ana shirin zama, sai ga ta ta kutsa tsakiyarsu ba ko sallama, ta buɗe hannu a gaban fuskarsa. Ya sa tabarau, ya duba da kyau kamar an kawo masa takardar shari'a.

“Amarya, tuwon nawa ke nan yau?”

“Ka ce in ta yi an bar ta.”

“Na faɗa. Je ki wanke hannu.”

Abin da ya biyo baya ba daɗi gare shi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ka yi kuka, Sani, kowace la'asar, har babanku ya dawo. Ni na goya ka, ni na zagaya da kai, ina shafa maka ciki da man kaɗanya, wani lokaci ina kuka tare da kai. Inna ta daina yi min magana kai tsaye har ruwa ya sauka. In tana son abu sai ta ce da yayarku, “Gaya wa likita a ɗora sanwa.” Sunan ya fita unguwa, a gidan biki ma sai in ji mata suna cewa ga likitar zomo nan. An aika wa uwata cewa ba ni da kunyar 'yar fari, ta yo tattaki daga ƙauye ta yi min faɗa. Babanku ma ya ji labari. A tafiya ta gaba ya kawo wata kwalbar, ya ajiye min a kan gado, ya ce, “Wannan ta mutane ce.”

Daga baya wani malamin dabbobi ya zo yi wa awaki allura, na sa ƙanin babanku ya tambaye shi. Ya ce maganin yana tattara kumfar iska ne ta samu hanyar fita, ya taimaka, amma ruwan da shafawar da ɗanyar ciyawar su ma sun yi nasu aikin. Ya ce zomo yana shan ruwa kamar kowace dabba, dusa zalla kuma tana tsayar masa da ciki, kuma duk zomon da ya wuni bai ci ba a nemi taimako da wuri. Baba Malam yana zaune yana ji. Amma tun kafin zuwan malamin, tun washegarin ranar da Auduga ta tashi, na tarar da kasko cike da ruwa a cikin akurkin. Da Inna ta tambayi wanda ya ajiye, sai Baba Malam ya ce na kaji ne. Kaji kuwa ba sa shiga wurin.

Auduga ta daɗe. Ta ga haihuwar ƙannenka biyu, ta tsufa, ido ɗaya ya mutu, gashinta ya koma ruwan ƙasa. Yayarku ta zama budurwa, ta fara zuwa ɗakina da dalili ko ba dalili, ta zauna tana taya ni tsinkar zogale. Wata safiya aka wayi gari zomanyar ta kwanta a gefe ɗaya, numfashi sama sama. Wannan karon ba ciwon ciki ba ne, kwana ne ya ƙare, kowa ya gani. Aka faɗa wa Baba Malam. Lokacin ya tsufa sosai, sai da sanda. Da na ji tahowarsa daga zaure, hannunsa na fara dubawa. Ba komai a ciki sai sandar. Ya zauna a kan turmi kusa da yayarku, har zomanyar ta daina motsi. Ita ce dabba ta farko da ta mutu da kanta a gidan nan. Inna ta ce a kira yara su kai ta juji. Ya girgiza kai.

“A kawo min fartanya.”

Da kansa ya haƙa ramin a gindin zogale, yana yi yana hutawa, ya hana kowa karɓa. Da aka rufe, ya dafa sandarsa ya miƙe, ya juyo wajen da nake durƙushe. Bai taɓa duban fuskata ba sai ranar.

“'Yar nan, alkawarinki ya cika.”

To Sani, ka ci gaba da ba da labarinka ranar salla, ban hana ka ba, kukanka ne, kana da haƙƙi a kansa. Amma daga yanzu ka riƙa kai shi har wurin fartanyar.